Daga Bronx zuwa Gusau

New York, Yuli 2022

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya damina, ya ƙarfin jikin Inna? Kullum na kira sai in ji wayarka a kashe. Tun da ka yi amarya ka daina sanin mutane, to ga shi a rubuce, sai ka karanta ko ba ka so.

Hankalina ba a kwance yake ba. Ranar 23 ga Yuni Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar jiharmu ta New York da ta haura shekara ɗari, wadda ta ce kafin a ba mutum lasisin yawo da bindiga sai ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Alƙalai shida suka rinjayi uku, Clarence Thomas ya rubuta hukuncin. Tun 2008 kotun ta ce ajiye bindiga a gida haƙƙin ɗan ƙasa ne bisa gyara na biyu na kundin tsarin mulki. Yanzu haƙƙin ya fito titi. Kuma hukuncin ya zo ne wata guda bayan an harbe yara 19 da malamai biyu a makarantar firamare a garin Uvalde na jihar Texas, kafin nan mutum goma baƙar fata a wani kanti a Buffalo. Ni da nake tuƙa tasi cikin dare, kowa ya zauna a bayana sai gabana ya faɗi. Yarana kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa suke shiga kullum.

Af, wai da gaske Alhajin kwanar gidanku ya tsaya takarar kansila? Allah Ya kyauta, mutumin da ko kuɗin adashe bai taɓa biya kan kari ba!

Siyasa kuwa ta ɗau zafi. Uku daga cikin alƙalan nan shida Trump ne ya naɗa su, 'yan Republican na ta murna. Gwamna Kathy Hochul ta kira majalisar jiha zaman gaggawa, aka hana shiga da bindiga dandalin Times Square da jiragen ƙasa da wuraren ibada, har masallatanmu. Wannan ma kotu za a kai ta, ka rubuta ka ajiye. Biden ya sa hannu kan wata dokar tarayya ranar 25 ga Yuni, amma ba ta taɓa manyan bindigogin ba. Kowa dai zaɓen Nuwamba yake hange.

Sai kuma na ji Gwamna Matawalle na Zamfara ya ce ku nemi lasisin bindiga ku kare kanku. Na san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukanmu, ba zan ga laifin wanda ya karɓi fom ba. Amma don Allah kai kada ka shigo da ita gida mai yara da matasa. A nan saɓani kan wurin ajiye mota kan kai mutum kabari.

Ka gaida amarya, ka ce har yanzu ina jiran yajin da ta yi mini alkawari. Ɗan wajen Baba Ƙarami zai taho watan gobe, a ba shi, tare da kilishi. Kuma ka kunna wayar nan.

Naka har kullum.