Ba kowane kore ne abincin shanu ba

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan maganar farfaɗo da makiyayu, wato wuraren kiwo da gwamnati ta keɓe, da ake ta yi tun da aka kafa ma'aikatar kiwon dabbobi ta tarayya a 2024.

Ni dillalin shanu ne a Kara ta Bukuru, tun ina yaro nake bin baba wajen Wase sayen dabbobi. A lokacin gamba ce ta cika daji, tsawonta ya fi mutum, saniya ta shiga sai dai ka ji motsinta. Yanzu ka je da damina ko'ina kore shar, wanda ya taho daga Abuja a mota ya ɗau hoto sai ya ce ai daji na nan lafiya lau. To wallahi ba haka ba ne, ka sauka ka duba da kyau tafasa ce ta mamaye wurin sai sabara da dundu, ga tumfafiya inda ƙasa ta gaji, kuma ɗanyar tafasa saniya ba ta kula ta.

Ita gamba saiwarta ba ta mutuwa da rani, ruwan farko tana toho, amma in garke ya yi ta cinye tohon shekara da shekaru ba a bar ta ta yi iri ba, ga gobarar daji, ga gonaki sun cinye burtali dabbobi sun taru wuri ɗaya, dole ta ƙare. Dattawa a arewa suna cewa tun farin 1973 da na 1984 wasu wuraren ba su koma daidai ba. Masu gawayi kuma sun gama da kirya da marke. Ko zana ma yanzu je ka tambayi kuɗinta ka ji.

Dokar makiyayu tun 1965 take, takarda ba ta taɓa yi mana kaɗan ba. Abin da nake roƙo, kafin a ce Fulani su koma wuraren kiwon a fara shuka irin gamba da kyasuwa, a killace wani ɓangare ya huta damina biyu ko uku, a tafi da ardo-ardo su nuna inda ciyawar take a da, don su suka san wurin. In ba haka ba, ko an gina dam an kawo shanu, kafin watan Maris sun fita neman abinci a gonar mutane.

Naku, mai karatu daga Bukuru, Jos.