Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Mai Wurno Kan Lafiyar Yaranmu A Gidajen Reno

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Sarki lafiya da imani. Mu ne 'ya'yanka mata masu riƙon yara a gidajen reno da rawda (makarantun ƙananan yara) na unguwanninmu, tare da iyayen da ke kawo mana su. Mun kawo kukanmu gidan da aka saba share mana hawaye tun zamanin Muhammadu Bello Mai Wurno, wanda ya zaunar da kakanninmu a bakin wannan kogi na Blue Nile a ƙasar Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903.

Ranka ya daɗe, tun watan Maris na 2020 da aka sanar da mutum na farko da korona ta kama a Khartum muke cikin zullumi. Ruwan Satumba ya zo ya ci gidaje a jihar Sinnar, ga shi yanzu cutar ta sake tasowa daidai da shigowar sanyi, lokacin da mata ke fita girbin dawa da tsinkar auduga tun asuba.

Da Sarki zai leƙa ɗakin ɗayarmu da hantsi, zai tarar da yara kusan talatin a kan tabarma uku. An toshe taga da buhu saboda iska. A bakin ƙofa ga randa guda da moɗa guda, kowa da ita yake sha. Tsumma ɗaya ke zagaya hancinsu duka. Ba mu ɓoye laifinmu ba, haka muka tashi muka ga ana yi. Sai dai ma'aikatan lafiya sun fahimtar da mu cewa wannan ciwo a numfashi da tari da atishawa yake tafiya, kuma rufaffen ɗaki mai cunkoso shi ne gonarsa. Yaro kan yi 'yar mura ya warke, amma da yamma a cinyar kakarsa yake kwana, ita kuwa ga hawan jini ga ciwon sukari. Tsofaffin nan muke ji wa tsoro.

Mun ji ana raɗe-raɗin a rufe gidajen reno baki ɗaya. Muna roƙon Sarki kada a yi haka. Matar da ke sayar da shayi a kasuwa, in ba ta fita yau ba, tukunyarta ba za ta hau murhu ba. In aka rufe, goya yaron za ta yi zuwa cikin taron da ya fi namu yawa, ko ta bar shi a hannun tsohuwar da muke son karewa.

Abin da ya fi mana wuya shi ne mayar da yaro mai tari gida. Uwa ta zo da shi jikinsa zau, ka ce ta koma, ta ce raina ta ka yi, maƙwabtaka ta ɓaci. Maganarmu ba ta da nauyi, ta Sarki ce ke da shi. Muna roƙon a umarci limamai su faɗa a huɗubar Juma'a, masu unguwanni kuma su bi gida gida: yaron da ke zazzaɓi ko tari ya zauna a gida har ya warke. Ai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana a gwama raƙuma marasa lafiya da masu lafiya a mashaya. Amma a haɗa umarnin da ɗan asusu daga zakka da sadakar attajiranmu, a riƙa ba uwar mudun dawa na kwanakin da ta zauna jinya. In babu wannan, ɓoye ciwon za a riƙa yi.

Sai batun rakuba, wato rumfa. In matasa suka yi gayya suka kafa mana rumfuna a tsakar gida, za mu fito da yaran su sha hantsi da iska, mu raba su goma goma. Muna kuma buƙatar sabulu da jarka mai famfo a kowace ƙofa, da kofi ɗaya ga kowane yaro, domin tsadar bana ta sa sabulu ya gagari talaka. Kamama kuwa, wato takunkumin rufe baki da hanci, mu manya za mu ɗaura, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a tilasta wa ɗan shekara 5 zuwa ƙasa.

Daga ƙarshe, Sarki ya sa baki wajen hukumar lafiya ta mahaliyya, wato ƙaramar hukumarmu, a turo mana ma'aikaci ko sau ɗaya a mako. Ya duba katin rigakafin ƙyanda da tarin shiƙa, ya koya mana ƙirga numfashi. An ce ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40 a minti ɗaya, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, to ciwon huhu ne, a garzaya asibiti. Yawancinmu ba mu da agogo, amma muna da waya. Makarantun allo ma, inda almajirai ke kwana jiki da jiki, kada a manta da su.

A shirye muke mu zo fada duk ranar da Sarki ya ga dama.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne,
Mata masu riƙon yara da iyayensu,
Mai Wurno, jihar Sinnar.
Disamba, 2020.