Zuwa ga abokan cinikinmu: abin da yasa muka riƙe cajojin nan bamu sake su ba

Assalamu alaikum jama'a, 'yan sari da masu sayen ɗaɗɗaya baki ɗaya.

Mun san da yawanku kun gaji da jira, wasu sun kira sau uku sau huɗu, wasu ma har sun fara zargin ko kuɗinsu muka juya muka yi wani kasuwancin da shi, to wallahi ba haka bane. Kaya sun iso, suna nan a sito katan kan katan, mu ne da bakinmu muka ce ko ɗaya ba zai fita ba. Shi yasa muka ga gara mu zauna mu rubuto muku dalla-dalla, da ace kowa ya bugo waya a bashi rabin bayani.

Ga yadda abin ya faru. Kafin mu bada odar, masana'antar da ke ƙera mana cajojin ta aiko mana da samfur, muka tura shi ɗakin gwaji, sakamako ya fito lafiya lau, muka ajiye guda ɗaya a durowa kamar yadda muka saba. Da kwantena ta sauka sai muka zari wasu daga katan daban-daban, na sama da na tsakiya da na can ƙasa wanda sai an sauke komai ake kaiwa gare shi, mai duba mana kayan wuta ya sa sukundireba ya ɓare ɗaya, ya ɗauko na durowar nan shima ya ɓare ya jera su a kan tebur. Daga waje kamar an tsaga kara, roba iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, tambari iri ɗaya. Amma tun a hannu zaka ji sabon ya fi rashin nauyi. Da aka duba ciki kuwa, fanel ɗin, wato ɗan allon da kayan wutar ke liƙe a kai, an rage masa girma, ɗan tef ɗin nan rawaya da ake naɗe tiransifoma da shi an yi masa zagaye ɗaya kawai, wajen fiyus kuma wata 'yar siririyar waya aka lanƙwasa aka liƙa. Ya ɗago ya dube mu yace wannan fa ba shi bane kuka gwada.

Bari mu ɗan tsaya a nan domin wani zai ce to ai tana caji, meye matsalar? Caja gida biyu ce a cikin 'yar robar nan. Gida ɗaya yana karɓar wutar soket wadda a yawancin ƙasashe bolt 220 zuwa 240 ce, ɗayan kuma yana fitar da bolt 5 ko sama kaɗan zuwa wayarka, kuma duk abin da ya raba hannunka da waccan babbar wutar shine katangar da ke tsakanin gidajen biyu, wato tazarar da aka bari a kan fanel da kuma naɗin da ke cikin tiransifoma. Ƙa'idar duniya da ake auna caja da ita, IEC 62368-1, tana son tazarar ta kai wajen milimita 5, sannan a ɗakin gwaji sai su danna mata wuta ta dubban bolt na tsawon minti ɗaya su ga ko katangar zata tsaya. A namu sabbin, tazarar da kyar ƙarshen farce zai shiga. Irin wannan caja sai tayi wata shida tana aiki ba wanda ya san komai, ranar da danshi ko ƙura ko ɗan ƙwaro ya shiga ya haɗa gidajen biyu, wutar soket ce zata biyo kebul ta iske wanda ke riƙe da waya, kuma sau da yawa yaro ne ke riƙe da ita yana kallo tana jone. Mun sake aika na cikin kwantenar ɗakin gwaji domin kada mu yanke hukunci da ido kawai, suka faɗi a wannan gwajin na katanga ɗin.

Da muka tuntuɓi masana'antar amsarsu ita ce ai takardar gwaji na nan kuma ga tambarin CE a jiki. Wannan amsar ce ma ta sa muka ce lallai sai mun yi muku wannan dogon rubutu, saboda da ita ake rufe bakin 'yan kasuwa da yawa. Rahoton gwaji shedar abin da aka kai ɗakin gwajin ne kawai, ku duba ƙasan kowane rahoto zaku ga an rubuta cewa sakamakon ya shafi samfurin da aka gwada ne kaɗai. In an canza tiransifoma, ko batir, ko fenti, ko ma irin robar, to wani kaya ne daban ko da sunan bai canza ba. Shi kuma CE da mutane ke ɗauka kamar wata hukuma ce a Turai ta duba ta buga hatimi, a yawancin kaya irin su caja ba haka bane, mai ƙera kayan ne da kansa yake sa alamar yana cewa na cika sharuɗɗan Tarayyar Turai, sai ya sa hannu a takardar iƙirari, ya ajiye fayil ɗin bayanan kayan shekara 10 ko da hukuma zata nema. Mai gaskiya yana da fayil ɗin, marar gaskiya injin buga rubutu kawai yake buƙata.

Kuma kada wani ya ɗauka ƙananan 'yan kasuwa irinmu kaɗai wannan ke samu. A 2007 kamfanin Mattel, wanda yana cikin manyan masu kayan wasan yara a duniya, ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa, wasu saboda gubar dalma a cikin fenti, wasu saboda ƙananan maganaɗisu da ke ɓallewa, kuma fentin nan mai dalma daga wajen 'yan kwangilar da ke musu aiki ya shigo, an yi amfani da wanda kamfanin bai amince da shi ba. Bayan wannan ne Amurka tayi dokar CPSIA a 2008, wadda ta tilasta cewa kayan yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa sai wani ɗakin gwaji mai zaman kansa da CPSC, hukumarsu mai kula da lafiyar kayan masarufi, ta yarda da shi ya gwada su, dalma a fenti kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan, a jikin kayan kuma kada ta wuce 100 cikin miliyan, kuma in daga waje aka kawo kayan to wanda ya shigo da su shine zai fitar da satifiket da sunansa. Samsung ma a 2016 ta janye Galaxy Note 7 kimanin miliyan 2.5 saboda batir na kamawa da wuta, aka bawa mutane canji, na canjin ma suka kama, dole aka daina ƙera wayar gaba ɗaya. Masu injiniyoyi da ɗakunan gwaji nasu na kansu ke nan, to ina ga wanda hoton takarda kawai aka turo masa a WhatsApp?

Abin da muke so 'yan sari musamman su riƙe shine, doka a kusan ko'ina bata zuwa neman masana'antar da ke wata ƙasa can, wanda ke gabanta take kamawa, wato wanda ya shigo da kayan, wanda sunansa ke jikin kwali, sai wanda ya sayar. In ka sa an buga tambarinka a kan kayan wani, a idon dokar Turai kai ne mai ƙerawar. Tun 13 ga Disamba 2024 sabuwar dokarsu ta lafiyar kayan masarufi, mai lamba 2023/988, ta fara aiki, ba a sa kaya a kasuwarsu sai akwai wani mutum ko kamfani a cikin Tarayyar da zai amsa tambaya a kansu, har da masu sayarwa ta intanet. Wasu ƙasashen kuma tun kafin a loda kaya suke neman takardar tantancewa, SONCAP a Najeriya, PVoC a Kenya, SABER a Saudiyya, kowa da nasa tsarin. Amma mu ko da babu doka ɗaya, ba zamu iya kwana da sanin cewa abin da ya fita daga hannunmu ya ƙona ɗakin wani ko ya taɓa ɗan wani ba, hakki ne kuma za a tambaye mu.

Tunda muna maganar, bari mu taɓo sauran kayan da kuke saye a wajenmu. Fawa bank da duk wani abu mai batirin litiyam, muna neman taƙaitaccen rahoton UN 38.3 kafin mu karɓa, gwaji takwas ne a ciki, har da ƙarancin iska irin na can sama a jirgi, da zafi da sanyi, da girgiza, da haɗa wayoyinsa da gangan, da cajin da ya wuce kima. Amma ku sani wannan na sufuri ne, yana nuna batirin zai jure tafiya, bai wadatar ba wajen sanin ko da'irar kariyar da ke ciki zata yanke wuta in ya cika, wannan gwajinsa daban.

Kayan wasan yara kuma su suka fi hana mu barci. A ɗakin gwaji akwai wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, kwatankwacin maƙogwaron ƙaramin yaro, sai su ja kayan wasan su murɗa su jefar da shi ƙasa, duk abin da ya ɓalle ya shige bututun nan gaba ɗaya to kayan bai dace da ɗan ƙasa da shekara 3 ba, haka yake a ƙa'idojin kayan wasa, EN 71 ta Turai da ASTM F963 ta Amurka. Idon 'yar tsana, tayar ƙaramar mota, ƙararrawa, duk irin su ne. Maganaɗisu in yaro ya haɗiye biyu sai su jawo juna ta bangon hanji su huda shi. Shi kuwa batirin nan mai kamar kwabo da ke cikin rimot da fitilun wasa, in ya maƙale a maƙoshi cikin awa 2 yana iya ƙona nama, kuma yaron bazai iya faɗa miki abin da ya haɗiya ba Hajiya, sai dai kiga yana dalalar da yawu yana ƙin abinci. A 2022 Amurka tayi doka a kansa mai suna Dokar Reese, sunan wata ƙaramar yarinya da ta rasu ta haka, dokar tace murfin batirin dole sai da sukundireba ko kwabo ake buɗe shi, ko kuma sai anyi motsi biyu lokaci guda. Mu ma ma'aunin da muka ɗauka ke nan, duk wanda murfinsa ke buɗewa da farce bama ɗauka. Don Allah yau ɗin nan ku duba na gidajenku, ko ba a wajenmu kuka saya ba.

Ga ku masu shigo da naku kayan da kanku da kuke yawan tambayarmu yadda ake gane takardar gaske, in an turo muku rahoto kada ku tsaya a shafin farko, ku nemi cikakkensa, ku duba lambar samfurin ko ita ce ta jikin kayanku harafi da harafi, ku duba sunan masana'antar, ku je shafukan ƙarshe inda hotunan cikin kayan suke ku ɓare naku ku kwatanta, sannan ku tabbata ɗakin gwajin yana da shedar ƙwarewar ɗakunan gwaji ta ISO/IEC 17025 kuma irin wannan gwajin yana cikin abin da aka amince masa. Daga nan ku rubuta wa ɗakin gwajin da kanku ku basu lambar rahoton su tabbatar nasu ne, sau tari amsa bata daɗewa. Kuma ku ajiye samfurin farko, kada ku bayar kyauta, shi ya cece mu wannan karon.

Yanzu maganar odarku. Cajojin nan ba zamu sayar ba, ba a kan ragi ba, ba ta bayan fage ba, akwai wanda ya zo yace mu sallama masa duka zai san inda zai kai su, mun bashi haƙuri, domin inda zai kai su ɗin ma gidajen mutane ne. Mun koma wata masana'antar, kuma a sabuwar yarjejeniya mun rubuta cewa ba za a canza ko ƙwaya ɗaya daga kayan ciki ba sai da saninmu a rubuce, za a duba kaya a can kafin a loda, mu kuma mu sake zara mu gwada in sun iso, kowane katan da lambar rukuninsa saboda in wani abu ya taso mu san su wa muka sayarwa mu kira su. Wannan zai ƙara lokaci kuma zai ɗan ƙara tsada, bamu ɓoye muku ba. Wanda zai iya jira odarsa na nan a kan layinsa yadda take, wanda kuma bazai iya ba ya turo lambar rasit ɗinsa ta inda ya saba samunmu mu mayar masa da kuɗinsa cif, babu ko tambaya.

Sannan duk wanda ke da wani kaya namu na baya da yake zafi fiye da kima, ko yake ƙauri, ko batirinsa ya kumbura, ko yake ɗan jan hannu in an taɓa, ya cire shi daga wuta yanzu, kada ya jefa mai batir a shara, ya ɗauki hoton lambar da ke jikinsa ya turo mana. 'Yan sari ku taimaka ku isar da wannan ga waɗanda suka saya a hannunku.

Mun gode da haƙurinku, Allah ya kiyaye mu da iyalanmu baki ɗaya.

Naku,
Dukkan ma'aikatan kamfanin