Kafin A Ce Wa Matashi Ya Ajiye Aikin Albashi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bibiyar shafinku na matasa da sana'o'i, kuma na karanta abin da kuka buga kwanakin baya, inda aka yi ta kwaɗaita wa masu zane da masu ɗaukar hoto da masu haɗa bidiyo su daina jiran albashi, su tsaya da ƙafarsu. Maganar tana da daɗin ji. Ni ma da ita na kwana na tashi shekara shida da suka wuce, har na ajiye aikina a wani kamfanin talla na buɗe nawa. Shi ya sa nake neman ɗan fili in taɓo abin da aka tsallake.

Ranar da na bar aiki, na ɗauka zane zan wuni ina yi. Ashe zanen ko rabin yinina ba zai samu ba. Sauran lokacin ya tafi wajen neman kwastoma, yanka farashi, rubuta takardar neman biya, da bin bashi. Akwai wanda na yi wa tambarin kamfani, ya sa na gyara sau bakwai, daga ƙarshe ya ce na farkon ya fi, sannan ya daina ɗaga waya. Laifina ne. Ban karɓi kafin alƙalami ba, ban kuma rubuta sau nawa za a yi gyara ba. Abin haushin, duk waɗannan abubuwa ana yin su a gabana shekara huɗu a kamfanin da na bari. Tebur biyu ne tsakanina da matar da ke rubuta kwangiloli, amma ban taɓa leƙa abin da take yi ba, don a ganina ni mai fasaha ne, lissafi aikin wasu ne. Ga makaranta kyauta, har biyana ake yi a ƙarshen wata, na zauna a cikinta ina hamma.

To wannan shi ne ƙorafina na farko: an nuna aikin albashi kamar kurkuku, alhali ga mai wayo wurin koyo ne da kuɗin wani. Steve Wozniak yana aiki a kamfanin Hewlett-Packard ya ƙera kwamfutar Apple ta farko a 1976, kuma bai yi gaggawar ajiye aikin ba. Phil Knight, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Nike, ya yi shekaru yana aikin akanta da rana, yana sayar da takalma a gefe, bayan sun fara cinikin a 1964. Ba tsoro ne ya riƙe su ba, sun ƙi sakin reshe ne su kama ganye. Ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ma ta daɗe tana nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na sababbin kamfanoni ba ya wuce shekarar farko, kimanin rabi kuma ba sa kaiwa shekara biyar. Idan za a kira matashi ya shiga rafi, ai ya kamata a gaya masa zurfinsa.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ba a taɓo ba sam, kuma shi ne jarin mai fasaha na ainihi, shi ne haƙƙin mallaka. Wa ke da abin da ka ƙirƙira? A dokokin ƙasashe da yawa, abin da ma'aikaci ya zana a bakin aikinsa na ubangidansa ne, ba nasa ba. Ni kaina akwai ayyukan da nake alfahari da su waɗanda ko a shafina ba ni da ikon sakawa, saboda wani sakin layi da na sa wa hannu ban karanta ba. Wozniak ɗin da na ambata sai da ya fara kai wa Hewlett-Packard zanen kwamfutarsa, tunda ma'aikacinsu ne. Da suka ce ba sa so, sannan hanya ta buɗe masa. Da sun ce suna so, da labarin ya sha bamban.

Mai karatu zai ce to ai shi ke nan, wannan hujja ce ta buɗe naka. A nan ne mutane ke ruɗuwa. Walt Disney da kamfaninsa na kansa, ba yaron kowa ba, lokacin da ya rasa Oswald, zomon da yake zanawa a finafinansa na katun, a 1928. Shi da abokin aikinsa Ub Iwerks suka zana shi, amma bisa kwangila kamfanin Universal ne mai shi. Mai rarraba finafinansa ya janye masa yawancin masu zanensa, ya tafi da zomon. Kafin nan ma kamfaninsa na farko ya karye a 1923, yana ɗan shekara 21. Bayan wannan asarar ne aka ƙirƙiro Mickey Mouse, a wannan karon da sunan Disney a takarda. Zomon kuwa bai dawo gida ba sai 2006, shekara 78 ke nan, mai zanensa ya daɗe a kabari. Haka Carolyn Davidson, ɗaliba mai zaman kanta, ta zana alamar Nike a 1971 aka biya ta dala 35. Gaskiya ne daga baya kamfanin ya ba ta hannun jari, amma kyautatawa ce daga gare su, ba abin da ta rubuta ta nema ba. Mutum nawa ne ke gamuwa da irin wannan karamcin?

Ga kuma sabon ubangida da ba a ganin fuskarsa. Matasa da yawa da ke cewa ba sa aiki a ƙarƙashin kowa, manhajojin intanet suke yi wa aiki. Fiverr, manhajar da ke haɗa masu sana'a da kwastomomi, na cire kashi 20 cikin ɗari na kowane ciniki. YouTube na ba mai bidiyo kashi 55 na kuɗin talla, shi ma sai ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda. Gobe su sauya ƙa'ida, babu ofishin da za ka je ka kai kuka. Ban ce a guje su ba, ni ma ina ci daga nan. Amma a daina kiran wannan 'yanci.

Ni dai yanzu idan ƙanne suka zo neman shawara, ba na ce musu ku zauna ko ku fita. Ina tambayar su ne ko akwai kwastomomin da suka biya su da kansu, ba albarkacin sunan kamfani ba, har suka dawo karo na biyu. Ina tambayar ko sun ajiye abin da zai riƙe su wata shida idan waya ta yi shiru, domin za ta yi. Wanda kuma ya shekara biyu a wurin aiki bai koyi sabon abu ba, sai maimaici, shi ina ce masa zamanka ya fara zama asara, ko da albashin da tsoka. Akwai kuma waɗanda Allah bai yi su don bin bashi ba, hannunsu ya fi kyau idan wani ne ke ɗauke da lissafi. Wannan ba gazawa ba ce, na san gwanaye irin haka da suka fi ni nesa ba kusa ba.

Roƙona, Malam Edita, idan za ku sake waiwayar wannan batu, ku gayyato lauya da akanta, ba masu labarin nasara kaɗai ba. A buga samfurin kwangila mai shafi ɗaya: nawa ne kafin alƙalami, gyara sau nawa, yaushe za a cika biya, kuma zanen na wa ne bayan an biya.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Wani mai zane, kuma mai karatunku