Haƙƙin Wanda Ba Ya Cikin Ɗakin

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyalinka, na rubuto ne saboda akwai maganar da nauyin baki ba zai bar ni in faɗa maka ido da ido ba. Mahaifiyarka ta shaida mini cewa yarinyar nan da ka nema kafin aurenka, Allah bai yi ba, yanzu kuna musayar saƙo a waya, alhali tana ɗakin mijinta. Da mahaifiyar taka ta yi maka faɗa, ka ce mata ai ku Laila da Majnun ne. To, tunda kai ka kawo su, bari mu bi labarin nasu.

Ƙaisu ɗan Mulawwahu, wanda ake kira Majnun, mutumin ƙabilar Banu Amir ne a ƙasar Najadu. Abul Faraj al-Isfahani ya tattara labaransa da waƙoƙinsa cikin Kitabul Agani a ƙarni na 10, sannan Nizami na birnin Ganja ya tsara ƙissar da Farisanci a 1188. Kowa ya san yadda aka hana shi Laila saboda ya yayata sunanta a waƙa, ya shiga daji, har mahaifinsa ya kai shi Ka'aba don ya roƙi waraka, shi kuwa ya roƙi a ƙara masa son. Ina tausayinsa ƙwarai, kuma ban taɓa wanke iyayen Laila ba. Uban da ya raba masoya don gudun bakin mutane ya ɗauki alhaki mai nauyi.

Amma akwai wani mutum a littafin Nizami da samari ba sa ambata: Ibn Salam. Shi ne ya zo ta ƙofa, ya nema, aka ba shi, ya biya sadaki. Laila ta tare a gidansa ta ƙi yarda ya kusance ta. Bai dake ta ba, bai kore ta ba, ya haƙura da kallonta kawai, yana kwana gida ɗaya da matar da zuciyarta ke daji wurin wani, har ciwo ya kwantar da shi ya mutu. Wa ya yi masa waƙa? Duk lokacin da na zo wannan wuri sai in ajiye littafin, don shi na fi ji a raina. Kuma ka lura, Ƙaisu ba shi da mata da 'ya'yan da ya bari a gida. A naka labarin Ibn Salam biyu ne: mijinta, da kuma matarka, wadda ta bar gidan ubanta ta zo ta haifa mana jikoki.

Ka koma Suratu Yusuf, aya ta 23. Matar Azizu ta kulle ƙofofi, babu mai gani, shi saurayi ne, baƙo, kuma a ƙarƙashin ikonta. Da ya nemi tsarin Allah, abin da ya biyo baya a bakinsa shi ne ubangijinsa ya kyautata masa mazauni, kuma malaman tafsiri da yawa sun ce mijin matar yake nufi. Wato a wannan matsatsi, haƙƙin mutumin da ba ya cikin ɗakin ya fara tunawa. Bai kuma tsaya yi mata dogon bayani ba. Ƙofa ya nufa da gudu, shi ya sa rigarsa ta yage ta baya, yagewar nan kuwa ita ta zama shaidarsa. Daga baya, a aya ta 33, ya ce kurkuku ya fi soyuwa a gare shi, ya kuma roƙi Allah ya kawar masa da makircinsu don kada ya karkata. Annabin Allah ke nan bai dogara da ƙarfin zuciyarsa ba. Kai da me ka dogara da kake cewa gaisuwa ce kawai?

Ban ce ka yi ƙaryar ba ka jin komai ba. So ba ya mutuwa don an ɗaura aure, kuma jin sa ba shi ne zunubin ba. Marubucin nan na Rasha, Pushkin, ya nuna haka a ƙissar Onegin da ta fito cikakkiya a 1833. Tatiyana ta so Onegin tun tana budurwa ya ƙi ta, sai bayan ta auri wani janar ya dawo yana roƙo. Ba ta ɓoye masa cewa har yanzu tana son sa ba, amma ta ce an riga an ba wani ita, kuma za ta riƙe masa amana. Ta tashi ta fita ta bar shi. Ni a wurina sonta ya fi nasa gaskiya, don shi abin da zai samu yake hange, ko da gidanta zai rushe.

Na san abokai za su ce maka da tsohuwar zuma ake magani. Wannan zumar tana da mai ita. Hadisi ya zo a Abu Dawuda cewa wanda ya hure wa mace kunne a kan mijinta ba ya cikinmu. In aurenta ya mutu ta dalilinka, ko ka aure ta daga baya, ni ba zan karɓa maka wannan auren ba.

Abin da nake so ka yi: ka aika mata saƙo ɗaya gajere, cikin mutunci, cewa ba za ka ƙara ba, sannan ka share lambar. Kada ka nemi ku haɗu wai don sallama. In akwai abin da ya yi sanyi tsakaninka da matarka, ka zo ranar Asabar bayan la'asar mu zauna, ni da kai kaɗai, ka faɗa mini komai. Mahaifiyarka ba ta faɗa wa kowa ba sai ni, kuma daga nan ba za ta wuce ba.

Ka gaishe mini da surukata da yara. Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.