Yehudi Menuhin ya cancanci shafi a jaridarku

Malam Edita,

Bayan gaisuwa, ina roƙon filinku na fasaha ya waiwayi rayuwar Yehudi Menuhin, gwanin kiɗan gogen Turawa, wanda aka haifa a birnin New York a 1916, ya kuma rasu a Berlin a 1999.

Tun yana ɗan shekara 7 ya fara kiɗa a bainar jama'a a San Francisco, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ya yi amfani da baiwarsa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya yi wa sojojin ƙawance wasa fiye da sau 500. A 1945 ya je Bergen-Belsen ya yi wa waɗanda suka tsira daga sansanin azabar 'yan Nazi kiɗa. A 1947 kuma, duk da kasancewarsa Bayahude, ya koma Berlin ya yi wasa tare da makaɗan Jamus domin neman sulhu, ya sha suka mai tsanani, bai janye ba. A ganina wannan jarumta ce.

Makarantar da ya kafa a Ingila a 1963 tana horar da yara masu baiwar kiɗa har yau.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya