Nisan Singapo da New York ta sama: lambar da ake bugawa ba ita jirgi ke ci ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi ɗan tsokaci kan yadda ake ambaton nisan tafiyar jirgin sama a labarai, domin ana yawan cakuɗa lissafin.

Mu ɗauki jirgin kamfanin Singapore Airlines da ke tashi daga Singapo zuwa filin JFK na New York ba tare da yada zango ba. Nisan da ake bugawa kilomita 15,349 ne. A mil na ƙasa wannan ya zama kusan 9,537, a mil na teku kuma, wanda shi matuƙa ke aiki da shi, kusan 8,288. Mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, na teku 1.852. Idan mai rahoto ya kwafi "mil 8,288" ya ninka da 1.609, sai nisan ya zaftare da kilomita 2,000 ba tare da kowa ya lura ba.

Sannan ita kanta 15,349 ɗin gajeriyar hanya ce kawai a bisa doron duniya mai zagaye. Ka ɗaure zare a kan ƙwallon taswirar duniya daga wannan birni zuwa wancan, za ka ga ya bi ta kusa da ƙuryar arewa, wurin da taswirar bango ba za ta taɓa nuna maka a matsayin hanya ba. Amma jirgin ba kasafai yake bin zaren ba. A can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wani lokaci gudunta ya haura kilomita 200 a awa. Shi ya sa daga Singapo jirgin kan bi ta Tekun Fasifik iska na tura shi, daga New York kuma sau da yawa ya ratsa Atlantika da Turai, shi ma gabas ya dosa. Hanyar ta ƙara tsawo, lokaci da mai kuwa sun ragu. Tafiyar na cin awa 18 zuwa 19.

Siyasa ma na lanƙwasa hanya. Tun da Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Turai a 2022, tafiyar Helsinki, babban birnin Finland, zuwa Tokyo da ke ɗaukar awa tara da rabi ta koma wajen awa 13.

Nauyi ne ke yanke hukunci a irin wannan nisa. Jirgin Airbus A350-900ULR da ake amfani da shi tsakanin Singapo da New York na ɗaukar lita 165,000 na mai, kujerunsa 161 kacal, babu ɓangaren masu ƙaramin tikiti sam.

Don haka idan za a buga nisa, a faɗi wane mil ake nufi, a kuma bambanta gajeriyar hanya da wadda jirgin ya bi a ranar.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku